Laifin Gem Ne Ko Namu?



Duk sanda aka sari wani yaro a cikin birnin Zazzau, sai ka ji a majalisa ana cewa PUBG da Mortal Kombat ne suka ɓata tarbiyya, a rufe gidajen gem kawai. Ni dai ban gamsu ba. A 1992 Mortal Kombat ya fito, alhali daba ta girme shi a ƙasar Hausa. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar cewa gem ke sa mutum ya zubar da jini.

Ƙanena yana bugawa a wani shago wajen Ƙofar Doka. Ɓarnar da na gani da idona ita ce kuɗin tara da yake ƙararwa da makarantar dare da yake tsallakewa. Wannan kuwa gyaran gida ne: a ƙayyade lokaci, a nisanta ƙananan yara da masu jini.

Mu marubuta mu yi hattara. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano da irin wannan zargi. Idan aka saba hukunci ba hujja, gobe kan littafinka za a sauka.