Baƙin Hunturu: Daga Sabke Zuwa Fadamun Nguru

Mu mutanen Mai'adua mun saba da baƙi. Kowace Lahadi kasuwa takan cika da fatake daga Nijar, da shanunsu da raƙumansu da tumakinsu, da yamma kuma kowa ya kama hanyarsa. Amma akwai waɗansu baƙi da sukan sauka ƙasarmu kowace shekara sa'ad da sanyi ya kama. Ba sa tsaya wa ma'aikatan kan iyaka, ba sa neman masauki wurin kowa, yawancinmu kuwa ba mu ko ɗaga kai mu dube su. Labarinsu muke so mu ba masu karatu a wannan wata.

Wani yaro ɗan ajinmu ne mafarin abin. Wata safiya ya zo makaranta da ɗan zobe na farin ƙarfe a ƙulle cikin tsumma. Wansa ya harbo tsuntsu a bakin madatsar ruwa ta Sabke, da aka zo figa sai ga zoben a ƙafarsa, da lamba da rubutun boko a jiki. Gidan ya ruɗe. Kakar yaron ta hana a ci naman, ta ce tsuntsun da aka sa wa zobe ai da mai shi, ba a san abin da aka aiko shi yi ba. Muka yi dariya a ofishin malamai, amma da muka sake tunani sai muka ga tsohuwa ba ta yi nisa da gaskiya ba. Lalle hannun mutum ya taɓa riƙe tsuntsun nan a wata ƙasa mai nisa, ya sa masa zoben, ya sake shi.

Wanda ya fara wannan dabara malamin makaranta ne kamarmu, mutumin ƙasar Denmak, sunansa Hans Christian Mortensen. A shekara ta 1899 ya soma sa wa tsuntsaye zobba masu lamba da adireshi, domin duk wanda ya tsinci ɗaya ya aiko masa da labari. Kafin zamaninsa Turawa sun daɗe suna gardama a kan inda tsuntsayensu suke ɓacewa da sanyi. Har masana sun rubuta cewa waɗansu sukan nutse cikin taɓo su yi barci sai bazara. A shekara ta 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a ƙasar Jamus, da mashi irin na Afirka a soke a wuyanta. Watau maharbi ya same ta a nan nahiyarmu, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har gida. Tana nan a ajiye a jami'ar Rostock har wa yau.

Dalilin zuwansu ba wuya. Sa'ad da muke fama da hazo da kaushi, a ƙasashen Turai da Rasha ruwan tafkuna ne yake daskarewa, ƙwari su ɓace, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Tsuntsun da abincinsa yake cikin ruwa ko cikin taɓo dole ya yi ƙaura. Sai su yi kitse tun da kaka, su haye Bahar Rum, sa'an nan su haye Hamadar Sahara, inda ba ruwa ba inuwa. Ruwa na farko da za su gani bayan hamada shi ne namu: fadamun Kogin Sanagal, da na Kogin Kwara a ƙasar Mali, da Tafkin Chadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da 'yan tafkuna da madatsu irin namu na ƙasar Daura. Masu kallon tsuntsaye a Ingila bakin teku suke zuwa da sanyi. Mu teku ta yi mana nisa, bakin hamada ne gaɓarmu.

Muka ari madubin hangen nesa guda ɗaya, muka shiga zuwa Sabke ran Asabar da sassafe, mu malamai biyu da 'yan yara. Da farko 'yan gida kaɗai muka iya ganewa. Ga balbela tana bin shanu, ga zalɓe ya tsaya cik cikin ruwa kamar an dasa shi, ga zakaran ƙeƙuwa da ba ya barin kowa ya matso sai ya tona masa asiri da kuka. A hankali ido ya buɗe. Muka lura da waɗansu 'yan tsuntsaye masu ruwan toka da dogayen ƙafafu suna gudu a bakin taɓo suna caccaka, da wani ɗan ƙarami mai rawayan ciki da yake kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu yana kama ƙuda. Waɗannan ba ka ganinsu da damina. Wani masunci ya ce mana in tsuntsu muke nema, mu daina wahala a nan, mu tafi Nguru.

Da aka ba da hutun Kirsimeti muka shirya. Muka bi ta Daura da Gumel da Malam Madori, muka kwana a Nguru, garin da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta tsaya tun 1930. Ba za mu ɓata lokaci da labarin hanya ba, ƙura ce da jiran mota.

Ga yadda ƙasar take. Kogin Haɗeja yana gangarowa daga wajen Kano, Kogin Jama'are kuma daga duwatsun Jos da ƙasar Bauchi. Da suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, sai su rarrabu rassa rassa, ruwa ya bazu cikin fadamu, daga baya ya sake haɗuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Ambaliya takan kai ƙarshenta wajen watan Satumba, sa'an nan ta riƙa janyewa da kaɗan kaɗan. Manomi yana girbin shinkafa, yana bin ruwan da shukar wake da kayan lambu. Masunta Badawa da Hausawa suna kamun kifi suna yin banda. Fulani suna gangarowa da shanu. Daidai wannan lokaci ne baƙin suke sauka, su tarar da tebur a shirye.

Tun kafin rana ta fito muka shiga kwalekwalen wani dattijo. Sanyin kan ruwa ba irin na tudu ba ne, yana ratsa bargo. Hazo ya rufe ko'ina, ba ma ganin kome sai kan sandar da yake tura jirgin, amma kunne ya cika. Kirinjijiya ce take ta fito, ɗaruruwa, ta kowane gefe. Da gari ya soma wayewa muka gan su tsaye a kan wani tsibirin yashi, farar fuska, baƙin ƙeya, sun miƙe wuya suna dubanmu. Bayansu ga dinya, ƙatuwa, ta fi kowa girma a wurin. Waɗannan 'yan Afirka ne, a nan suke ƙyanƙyasa.

Dattijo ya tsai da jirgin, ya nuna mana can gaba da haɓarsa, ya ce, “Malam, ga naku can da kuka zo nema.” Mun zaci ciyawa ce ta rufe ruwan. Da wata shirwar fadama ta bi ta kansu ƙasa ƙasa, sai ruwan ya tashi gaba ɗaya. Ƙananan agwagi ne, ba su kai rabin agwagwar gida ba, suka murɗa a sama kamar hayaƙi, suka juya, suka sake zuba a wani wuri. Ƙarar fikafikansu kamar iskar hadari cikin kara. Yaron da muka tafi da shi ya miƙe tsaye don murna, saura kaɗan ya kifar da mu. Wannan agwagwa Turawa suna ce mata gargani, a Turai da ƙasar Rasha take yin ƙwai. Namijin yakan fito da farin layi bisa ido sa'ad da lokacin komawa ya matso. Cikinsu akwai wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini, ita ma baƙuwa ce. Har shirwar da ta tashe su daga can ta biyo su.

A gonakin shinkafa da aka girbe muka tarar da garken wani tsuntsu mai ruwan ƙasa, mai ɗan ƙaramin kai, yana tsintar tsabar da ta zube. Ba abin da zai ja ido a jikinsa. Amma a littafin da muka ara mun ga hotonsa a ƙasarsu, can arewacin Turai da Saiberiya: namijin yakan tsiro da gashi mai launi kewaye da wuya, kamar basarake ya sha rawani da alkyabba, su taru a fili suna rawa domin mata. Da zai zo wurinmu sai ya tuɓe adon, ya zo da kayan aiki.

Ba kowa ne yake murna da tsuntsu a wurin ba, kada mai karatu ya zaci aljanna muka je. Da muka ce wa wani manomi tsuntsaye muka zo kallo, ya dube mu tun daga sama har ƙasa, ya ce da mun zo da kaka da mun taya shi kora. Jan baki yake nufi, wanda yake sauko wa shinkafa da gero dubu dubai. Jan baki kuwa ba baƙon Turai ba ne, ɗan ƙasa ne, kuma abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne kacalla, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Mun yi kusan rabin sa'a muna ratsa wata siririyar hanya da aka sare cikinta, ba ka ganin kome sai sama.

Asalin kacallar yana can sama. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, domin ruwan sha na Kano da noman rani. Amfaninsu ba a musu, mu ma muna cin shinkafa da tumatir na Kadawa. Amma dā kogin yakan zo da ƙarfi da damina ya share hanyarsa, da rani kuma ya ƙafe, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka tare shi, ambaliya ta ragu, sai ɗan ruwa yana gudu shekara duka. Laka ta kwanta, kacalla ta sami abin da take so, ta toshe rassan kogi. Waɗansu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, waɗansu kuwa ya daina zuwa musu sam. Masunci ya rasa wurin jefa taru, agwagwa ta rasa buɗaɗɗen ruwa, jan baki ya sami ɗakin kwana. A ganinmu manomin nan da agwagwar Rasha ƙara ɗaya suke da ita, ko da yake shi ba zai yarda ba.

Rana ta uku muka ƙarasa Dagona, wajen Gashuwa a ƙasar Bade, inda aka keɓe wani tafki domin tsuntsayen ruwa, ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci wurin a 1989. Akwai wata yarjejeniya ta kare fadamu da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru da reshen Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin jerinta, a shekara ta 2000, Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa suka biyo baya a 2008. Kowane watan Janairu kuma akan ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa a lokaci guda, aikin da aka soma tun 1967, fadamun nan suna cikin wuraren da ake ƙirgawa.

Me ya sa mutanen nesa suka damu da fadamarmu haka? Sun ɗanɗana ne. Da fari ya kama ƙasashen bakin hamada a 1968, bazarar da ta biyo, watau ta 1969, mutanen Ingila suka jira wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba jin kukansa a shingayen gonaki, fiye da rabi ba su komo ba. Farin da ya kashe shanun iyayenmu shi ne ya sa shingayensu suka yi shiru.

Abu ɗaya muka nema ba mu gani ba, gauraka. Dattijon kwalekwale ya ce yana yaro garke garke take sauka a fadama, yanzu sai a gidajen masu kuɗi, an kama an datse mata fiffike. Wannan ya tuna mana da ungulu. Waɗanda suka kai shekarunmu sun san yadda take cika mahauta ran kasuwa har sai an kore ta. Ku tambayi 'ya'yanku yaushe rabonsu da ganin ɗaya. Tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa, guba da masu sayen kanta domin magani suka gama da ita.

Iyaye, wannan kallo ba ya cin kuɗi. Duk inda ruwa ya kwanta kusa da ku ya isa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A fita da sassafe, a sa tufafi marasa haske, a ba rana baya, a zauna wuri ɗaya a yi shiru. Yaro ya riƙe littafi da fensir ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani: girmansa in an gwada da kurciya, launin baki da ƙafa, yadda yake cin abinci. Mun lura yaran da suka fi iya harbi da danƙo su suka fi kowa ido da haƙurin laɓewa, saboda haka su muka ɗora a kan ƙirga. Wanda kuma ya tsinci zobe kada ya jefar, ya kwafe lambar da rubutun, da rana da wurin. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Laminga kusa da Jos, irin aikinsu ke nan.

Littafin ajinmu yana nan a kan tebur. Wajen watan Maris bakin taɓon Sabke zai soma yin fili, baƙi su kama hanyar arewa. Ba a jima ba sai shamuwarmu ta gida, wadda ta yi rani a can kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, ta dawo ta hau itatuwan gari da kirare a baki, manoma su fara gyaran gona. Yaran sun riga sun ja layi a shafi na gaba, suna gardamar wanda zai fara ganinta.