Yaron Da Ke Raunata Jikinsa: Hukuncin Aikin Da Haƙƙin Mai Aikin

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya danƙa masa jikinsa amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan wani al'amari da iyaye ke ɓoyewa saboda kunya, watau yaro ko yarinya su riƙa raunata jikinsu da gangan.

A shekarun da muka yi muna karantarwa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, uba ya ja mu gefe bayan an tashi karatu, ya ce ya ga tabo a hannun 'yarsa ko ɗansa. Tambayoyinsu galibi biyu ne: shin aljanu ne, ko kuwa yaron ya bar addini? Kaɗan ne ke tambayar abin da ke cin zuciyar yaron, alhali kuwa nan ne tushen maganar.

Masana halayyar ɗan Adam sun ce abin yakan soma ne tsakanin shekara 12 zuwa 14. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa kusan 17 cikin 100 na yara masu tasowa sun taɓa yin haka. Sun bayyana cewa baƙin ciki ko tsoro ko ƙin kai kan taru a ƙirjin yaro har ya rasa kalmar da zai faɗa, sai ya nemi zafin jiki don ya danne zafin zuciya. Yakan sami sauƙi na ɗan lokaci, sa'an nan kunya ta biyo baya, damuwar ta dawo, ya sake. Yawancinsu ba mutuwa suke nema ba a lokacin, amma wanda ya saba da haka haɗarin kashe kai ya fi yawa a kansa. Saboda haka ba abin wasa ba ne. Masu cewa neman suna ne su lura, yaran nan ɓoyewa suke yi, har su sa riga mai dogon hannu cikin tsananin zafin bazara.

Hukuncin aikin a fili yake. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana kisan kai, aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana jefa kai cikin halaka, kuma kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka lissafa. To, amma sanin hukuncin aiki daban, sanin yadda za a yi da mai aikin daban.

Imam Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru Addausi. Ciwo ya tsananta masa, haƙurinsa ya ƙare, ya raunata hannuwansa har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a lulluɓe. Da aka ba Annabi (SAW) labari, sai ya roƙi Allah Ya gafarta wa hannuwan ma. Haramcin bai gushe ba, amma abin da ya fito daga bakin Manzon Allah addu'a ce. In haka aka yi wa baligi da ya riga ya rasu, yaya ke nan yaro ɗan shekara 13 da ke raye a gabanmu?

Neman magani kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, watau 934, ya wallafa littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sananniyar sila kamar rashi, da wanda ke saukowa ba a san dalilinsa ba, wanda ya danganta da halin jiki, ya ce yana bukatar magani.

Ga nasiharmu. Ɗan kasuwa da ke fita da asuba ya dawo bayan lisha, da ma'aikaci da ya kai ɗansa makarantar kwana, kowa ya ware lokacin zama da 'ya'yansa. In ka ga rauni, ka danne fushinka, a fara da wanke shi da ɗaure shi. Ka keɓe da yaron, ka ce, "Ɗana, na ga kana cikin wahala, gaya mini." Ka saurara har ya gama. Kada ka doke shi, kada ka tona shi gaban dangi, kada ka tilasta masa rantsuwa cewa ya daina, domin in ya kasa sai ya ƙara ɓoyewa. Ka binciki silar: cin zali a makaranta, rabuwar iyaye, faɗuwa jarrabawa, zagi ta wayar hannu, ko wani babba da ya ci zarafinsa. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa. Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta cusa tunanin. In ya ce i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abubuwa masu haɗari, a kai shi asibiti ran nan.

A yi addu'a, a kuma je wurin likita, domin ɗaya ba ya kore ɗaya. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, kuma kowane babban asibiti zai nuna hanya. Da yawa daga yaran nan sukan daina in sun sami mai saurarensu da likita mai koya musu yadda za su ɗauki damuwa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya sa mu zama masu tausayi. Wassalamu alaikum.