Ƙasar da Shanu Suka Fi Mutane Yawa

Awa takwas kacal jirgin ruwan yawon buɗe ido ya tsaya da mu a Montebidiyo, babban birnin Urugwai a Kudancin Amurka. Muna sauka muka nufi karkara.

Mun fara da gonakin inabi na yankin Kanelones. Watan Fabrairu ne, lokacin zafi da girbi a can. Inabin da suke alfahari da shi sunansa Tannat, asalinsa daga Faransa, kuma giya ake yi da shi. Mu dai 'ya'yan muka ɗanɗana: baƙaƙe, ga zaƙi ga bauri.

Daga nan sai wata gonar kiwo, inda makiyayan da ake kira gauco ke kora garke a kan dawakai. Suka gasa mana haƙarƙari a garwashi, da gishiri kawai.

Ɗalibai, abin lura yana kunnen shanun. Tun 2006 doka ta wajabta a maƙala wa kowane maraƙi lamba mai na'ura, wadda ke nuna inda aka haife shi da duk gonar da ya zauna. Shi ya sa Turai da Sin ke sayen naman hankali kwance. Jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 4 ba, shanunsu sun haura miliyan 11, amma kowace saniya an san asalinta.