Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, irin wanda ba a gani ba tun ambaliyar 1994. Cikin dukiyar da ya taɓa har da wata tsohuwar kwamfuta mai Pentium 4, ta wani malamin makaranta mai ritaya a unguwar Gwange. A cikinta ya ajiye tarihin zuriyarsu da lissafin gadon marayun ƙanensa, takardun asali kuwa ruwa ya riga ya cinye su.

Da ruwa ya janye sai ya kai ta wajen wani saurayi mai gyara. Saurayin ya kwance ta, ya wanke laka da sifirit, ya shanya, ya sake wasu kafasito da suka kumbura, sa'an nan ya mayar da kome mazauninsa. Aka danna maɓalli, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, ko ɗan kukan nan guda da lafiyayyar na'ura kan yi ba a ji ba.

"Baba, ko a haƙura a sayi sabuwa?" in ji saurayin.

"Ɗana, sabuwa ba ta san marayuna ba," in ji malamin.

Daga nan sai suka bi abin daki-daki. Suka auna akwatin wuta da mita, ya ba da bolt 5 da bolt 12 daidai. Suka sake ɗan batirin nan CR2032 mai bolt 3, wanda ke riƙe agogon na'ura. Suka zare ram, suka goge bakinsa da abin goge fensir, suka mayar. Har yanzu shiru.

Sai gab da magariba, da saurayin ya haska fitila cikin akwatin, ya hangi wata 'yar waya mai baki huɗu tana reto. Ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwar Pentium 4 wutar bolt 12 ta musamman, in babu ita kuwa fanka za ta juya amma na'ura ba za ta farka ba. Wajen haɗawa ne aka tsallake ta. Ana soka ta, na'ura ta yi kuka sau ɗaya, Windows XP ya bayyana, malamin ya yi hamdala.

To jama'a, na'urar da ta ƙi tashi bayan gyara, a fara duban inda hannu ya taɓa kafin a yanke mata hukunci. Bugu da ƙari, tun 2014 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP, faifan ajiya kuma yana tsufa kamar mai shi. Malamin bai bar shagon ba sai da aka kwafe masa lissafin marayun a wuri biyu. Duk mai amanar wani a cikin tsohuwar na'ura ya yi haka tun kafin damina ta kewayo.