Ranar Kasuwa a Darki: Inda Na Koyi Kama Gudu da Kyamara

Tun ina aji uku na ƙaramar sakandare nake yanke hotunan tseren motoci daga tsofaffin mujallu, ina liƙawa a bangon littafin lissafi. Wanda ya fi burge ni shi ne tseren Dakar, wanda aka fara a ƙarshen shekarar 1978. Daga birnin Paris aka tashi, aka ratsa Sahara ta Agadas a Nijar, aka ƙare a Senegal. Tun 2020 a Saudiyya ake yin sa.

Yayana mai ɗaukar hoton biki ne. Na daɗe ina roƙon ya riƙa tafiya da ni wurin aiki, yana cewa ban isa ba. A hutun da ya wuce sai ya miƙo mini tsohuwar kyamararsa ta DSLR, ya ce, "Yini ɗaya na ba ka. Je ka Darki ranar kasuwa, ka kawo mini hoto ɗaya na babur a guje wanda ya fita tas. In ka iya, ka zama yarona."

Na ce, "Yaya, ai Darki ba filin tsere ba ne."

Ya ce, "Gudu dai gudu ne."

Daga Kano zuwa Wudil tafiyar kilomita 40 ce da ɗoriya. Mun haye gadar Wudil, na hango masunta da masu ɗiban yashi a bakin kogi, sannan muka miƙa. Tun kafin ka shiga Darki za ka san ranar kasuwa ce. Ga akori-kura shaƙe da buhunan hatsi, ga amalanke, ga masu jan awaki, ga babura kamar fari. Wani ya ɗauko buhu biyu da fasinja a sama, wani ya ratayo kaji a kowane gefe. A cikin birnin Kano an hana acaba tun 2013, amma a nan babur shi ne jakin zamani.

Na sami gindin wata bishiya a bakin titi na fara aiki. Hoto 30 na farko duk shirme ne. Rumfunan baya sun fita sarai, babur kuwa ya zama kamar an shafa gawayi a takarda. Sai na zauna na buɗe 'yar takardar da Yaya ya rubuta mini, wadda na ƙi karantawa a mota saboda ɗoki.

Ga abin da ke ciki. Kyamara kamar ido take: tana buɗewa, haske ya shiga, ta rufe. Abu uku ne ke juya hoto. Na farko saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da take a buɗe, kamar 1/60 ko 1/1000 na daƙiƙa. Na biyu faɗin kafar da haske ke bi, wanda ake rubutawa f/4 ko f/8 ko f/16, kuma duk lokacin da lambar ta ƙaru kafar tsukewa take yi. Na uku ISO, wato yawan ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu. Da rana tsaka 100 ko 200 ya isa. In ka ɗaga shi da yawa, hoton zai yi tsaki-tsaki.

A nan lissafin makaranta ya yi mini rana. Babur mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya. In kyamara ta buɗe na 1/60, kafin ta rufe ya gusa da kusan santimita 17, shi ya sa yake fita dishi-dishi. In ta buɗe na 1/1000, santimita 1 kacal zai gusa. Na juya maɓallin sama zuwa Tv, wanda a Nikon S ake rubutawa. A nan kai ne ke zaɓar saurin ƙiftawa, ita kuma ta daidaita kafar haske. Na sa 1/1000. Na kuma kunna saitin da ke bin abu mai motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon, tare da ɗaukar hoto a jere muddin yatsa na kan maɓalli.

Nan take babur ya fita tas, har wayoyin taya ana ƙirgawa. Amma fa kamar an kafe shi a tsakiyar titi, babu alamar gudu. Dabarar gyara wannan ita ce ta ƙarshe a takardar: rage saurin zuwa 1/125, ka kafa ƙafafunka, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka bi babur da kyamara kana juya ƙugu, ka danna kana cikin juyawa, kada ka tsaya sai ya wuce. In hannunka ya yi daidai da gudunsa, shi zai fita sarai, rumfuna su zama zane-zane a bayansa.

Ana cikin haka na yi wautar da ba zan manta ba. Idona na cikin kyamara ina bin wani babur, ashe ƙafata ta hau kwalta ban sani ba. Sai ji na yi an fizgo rigata ta baya, wata motar kaya ta wuce fuu, iskarta ta watsa mini ƙura. Wani dattijo mai sayar da rake ne ya janye ni. Ya ce, "Yaro, hoton ne ya fi ranka?" Na ce, "A'a Baba, na gode, Allah Ya saka da alheri." Jikina ya daɗe yana rawa.

Saboda haka ku riƙe wannan kafin duk wata lamba: mai leƙen kyamara ba ya ganin gefensa. Ku tsaya nesa da kwalta, ku tafi da abokin da zai duba muku hanya. Kada ku sa wani ya ƙara wuta ko ya ɗaga taya don ku sami hoto. Ku yi sallama ku nemi izini kafin ku ɗauki fuskar mutum, musamman mata. Kada ku cire gilashin gaban kyamara a cikin ƙura.

Bayan La'asar, da rana ta yi sanyi, na roƙi wani ɗan acaba da ya yi lodin buhun masara ko zan ɗauke shi in ya tashi. Ya yi dariya ya ce, "Bismillah, amma ka nuna mini." Cikin hoto 200 da na ɗauka ran nan, nasa ne ya fi. Da ya dawo na nuna masa, ya kira abokansa su gani.

Da dare Yaya ya daɗe yana duban hoton, ya ce, "Titin ya ɗan karkace." Sannan ya ƙara da cewa, "Ranar Asabar akwai ɗaurin aure. Ka caja batir."