Mun sa sola, taransifomar layinmu kuma ta ƙone

1/ Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, Hajiyarmu ta zubar da kunun aya da zoɓo cike da firiza. Jarinta kenan fa.

2/ Janareta kam mun jingine shi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Na sayar da babur ɗina, na haɗa da kuɗin adashe, aka kafa mana faranti huɗu da inbata da batir. Da rana firiza, da dare fanka da ƙwan fitila. Guga kuwa sai ta gawayi, inbatar ba ta ɗauka.

3/ Kwatsam taransifomar layinmu ta ƙone. Masu wuta suka ce a haɗa kuɗin gyara, kamar kullum. Mai unguwa ya yi sallama: "Ɗana, kason gidanku fa?"

4/ Na ce, "Baba, ai mun yanke wayarmu." Ya ce gida shida ya ji wannan maganar, duk masu ɗan hali. An bar tela da mai niƙa, kason kowa ya ninka.

5/ Rabi na bayar. Hajiya ta ce na yi rowa, ƙanena ya ce na yi asara. Wata biyu kenan, tela yana kawo wayarsa caji gidanmu.