Kada ki kashe bakin ɗanki mai kwaikwayo

'Yar'uwa, in Allah ya ba ki yaro mai kwaikwayon mutane, yau ya yi tafiyar mai unguwa, gobe ya yi muryar mai awon da ke tauye mudu, kada ki yi saurin ɗaukar bulala. Ki tsaya ki saurara tukuna.

Kowa ya san Malam Aminu Kano da NEPU da gwagwarmayar talakawa. Amma kafin siyasa, alƙalami ya fara riƙewa. An haife shi a 1920, kuma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin kwaikwayo. A cikinsu akwai "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?", wanda ya tona yadda 'yan kasuwa ke cutar mutanen ƙauye. Maganar da ba ta faɗuwa a gaban manya sai ta fito ta bakin ɗan wasa, a yi dariya, a koma gida ana tunani. Ya rubuta waƙoƙi kamar amininsa Sa'adu Zungur, kuma har ya rasu a 1983 bai daina kare haƙƙin mata ba.

Haka Dario Fo na Italiya. Ba'ar da yake yi wa masu mulki ta sa aka hana shi fitowa a talabijin ɗin gwamnati fiye da shekara goma, amma a 1997 aka ba shi kyautar Nobel.

A aikina na jinya ina ganin ƙarfin wannan hanya. In mun fita wayar da kai a ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, jawabi kan awon ciki bai cika wuce kunne ba. Amma in muka shirya ɗan wasa, ga maigida ya hana matarsa zuwa asibiti tana naƙuda don kada a ce ya gaza, sai maza su yi ta dariya. Da jini ya ɓalle mata a wasan, wuri ya yi tsit. Bayan an tashi, su ne ke matsowa suna tambayar ranar awo.

Don haka aikinki gyara ne, ba hani ba. Ki koya masa cewa gurgu da mai in'ina ba abin dariya ba ne, macuci shi ne abin dariya. In 'yarki ta samu gurbi a wasan makaranta, ki je ki zauna a gaba, ta hango ki.